Nawa Ba Irin na Gwaggo Ba Ne

Har yau in na je ƙauyenmu, can bayan Tajaye, akwai tsofaffin da ke nuna ni da baki suna cewa ga wadda ta ƙi goyon ciki. Su nuna mana, bakin nasu ne. Na ƙi, kuma da za a maido mini wannan daminar, a maido ni cikinta da kumburarrun ƙafafuna, wallahi ƙi zan sake yi.

Shekarata ta biyu ke nan da aure, a Malbaza. Maigidana yana aiki a luzin, wato ma'aikatar siminti, wurin ɗura buhu. Yakan dawo fari fat har gashin ido, in zuba masa ruwa bokiti biyu kafin ya koma mutum. Gidanmu ɗaki biyu ne na laka, ɗaya namu, ɗaya na uwarsa, wadda ni da duk unguwa muke kira Gwaggo.

Gwaggo doguwar mace ce mai son gishiri da son magana. Tana da hawan jini, wanda mu a can tansiyo muke ce masa, kuma shekara bakwai ke nan tana tare da shi. Ban taɓa ganin mai alfahari da ciwo irinta ba. Duk ranar Litinin sai ta yafa mayafinta na fita ta tafi gidan likita a auna ta, ta dawo tun daga bakin zaure tana shelar lambar da awon jininta ya nuna: "Yau sha takwas!" Mata su ce sannu Gwaggo, ita kuwa ta zauna tana fifita kamar wadda ta dawo daga Makka. Ƙwayoyinta farare ƙanana suna cikin wani gwangwanin madara a ƙarƙashin matashinta, ba mai taɓa su.

Ni kuma ina da cikin fari. Duk wadda ta yi cikin fari a wajenmu ta san dokarsa: ba ki faɗi, ba a tambayarki, ko ya kai miki haɓa sai ki yi kamar ba ki san da shi ba. Haka na yi ta yi har wata na bakwai ya wuce. Sai zoben azurfana ya ƙi fita daga yatsa, na sa sabulu, na sa man gyaɗa, ko motsi. Takalmin roba ya daina shiga. In na tashi da safe fuskata ta yi suntum, idanuna kamar an tsaga da reza. Daga nan kai ya fara sara, ba irin na rana ko na yunwa ba, wani ne da ke kama ƙeya ya riƙe, wasu 'yan ƙyalƙyali kuma suna yawo a idona kamar tartsatsin murhu.

Gwaggo ta dubi ƙafafuna ta yi murmushi ta ce namiji ne, haka ɗa namiji ke yi wa uwarsa. Da ta gan ni na ɗaure kai da ɗankwali ina nishi a bakin murhu sai ta ce, "Wanga tansiyo ne, ɗiyata. Na san shi kamar yunwar cikina." Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin nan, ta sa farce ta raba ƙwaya biyu, ta ba ni rabi. Ba ƙaramin karamci ba ne wannan a wurin Gwaggo, kuma na gode mata. Kwana biyar ina sha. Kan bai daina ba, sai ma jiri da ya ƙaru.

Da Litinin ta zo na ɗauki mayafina na bi bayanta. Ta juyo ta ce mai cikin fari ba ta yawon nuna kai a gaban maza. Na ce ai rakiya zan yi mata, ko laifi ne suruka ta riƙe wa uwar miji jaka? Ta yi tsaki, muka tafi.

Likitan wani gajeren dattijo ne mutumin Illela, da farar riga da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Mun tarar yana auna wani ƙaton direban kamiyo, wato babbar motar ɗaukar siminti, wanda luzin ta turo a duba lafiyarsa. Mutumin nan da zai iya ɗaga buhu biyu a hammata, sai ga shi yana ta zufa. Likita ya ɗaura masa robar a hannu ya hura, ya saurara, ya yi dariya ya ce masa ya je ya zauna gindin dogon yaro ya huta, kada ya yi tunanin komai, zai kira shi. Sannan aka auna Gwaggo, aka samu sha takwas ɗinta. Tana gyara mayafi ke nan sai idon likita ya sauka a kan ƙafafuna.

"Ke ma zo nan."

"Rakiya ta yi," in ji Gwaggo.

"Ƙafafun nan ba na 'yar rakiya ba ne."

Na zauna. Ya danna ƙaurina da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya ɗaura robar, ya hura har hannuna ya yi tsami, ya saurara. Ya sake na biyu. Ya ce, "Sha shida."

Gwaggo ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Sha shida kawai? Ni da sha takwas shekara bakwai nike daka nike surfe. Yarinya ce, raki ne. Ai na ma ba ta rabin ƙwayata, shi ya sa bai kamo nawa ba."

Likita ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Na ga ransa ya ɓaci, amma murya a ƙasa ya yi magana. Ya ce, "Gwaggo, kama da wane ba ta wane. Ki ba ni dama in nuna miki abu." Ya miƙo mana ƙananan kwalabe biyu ya ce kowace ta zagaya bayan gida ta kawo masa fitsari.

Ka ga tashin hankali! Gwaggo ta ce fitsarinta, a hannun namiji, ga surukarta tsaye? Ta ce duniya ta zo ƙarshe. Amma Gwaggo ba ta barin musu a tsakiya, tana son a tabbatar nata ya fi nawa, don haka ta fizgi kwalbar ta tafi tana mita. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ciwon kan ya fi kunyar ƙarfi.

Ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗiyar wuta. Ya zuba na Gwaggo a wata siririyar kwalba ya kara a wutar har ya tafasa. Ya ɗaga mana, garau yake. Ya ɗauki wata ya zuba nawa ya kara. Muna kallo saman ya fara yin fari, ya yi gajimare, ya dunƙule kamar madarar da ta yanke. Ya ɗiga masa wani ruwa, farin bai baje ba. Ya ajiye su biyu a jere a gaban Gwaggo.

Sai ya leƙa taga ya kira direban nan, ya sake auna shi a gabanmu. Sha uku. Ya sallame shi, mutumin ya fita yana washe baki.

"Kun ga wancan," in ji likita, "nasa na tsoro ne. Yana ganin farar rigata sai ya tuna ana iya raba shi da aiki, jininsa ya hau. Ya huta, ya sauka. In na ba shi ƙwayarki na cuce shi. Naki, Gwaggo, na shekaru ne. A hankali ya zo, kuma ya zo ke nan. In kina shan magani, kin rage gishirin nan da nike ta yi miki magana, za ku daɗe tare. Akwai kuma wanda ƙoda ke kawowa, wannan ko yaro yana samunsa, maganinsa daban. Nata ba ko ɗaya cikinsu ba ne. Nata da cikin ya zo, kuma sai cikin ya sauka zai tahi. Ba ya zama da mutum shekara bakwai. Sha shida ga mai ciki wadda fitsarinta ya yi haka, ya fi sha takwas ɗinki haɗari nesa ba kusa ba."

Gwaggo ta ce, "To mi zai yi mata?"

"Yana iya kada ta da rana tsaka, ta yi ta jijjiga tana taune harshe. In ba kusa da asibiti take ba, a rasa uwa a rasa ɗa."

Na san abin da yake faɗi. A ƙauyenmu iska muke ce masa. Wata ƙawata da muke zuwa rijiya tare haka ta yi da cikin fari, ina tsaye a bakin ƙofa mata huɗu suna danne ta, ana hayaƙi, ana ɗura mata rubutu yana zubowa ta gefen baki. Kafin la'asar an wanke ta. Aka ce ta bi ta gindin tsamiya da magariba. Sai a ranar, a gaban kwalaben nan biyu, na tuna yadda ƙafafunta suka kumbura har muna yi mata tsiya.

Likita ya lissafa mini abin yi. In kwanta ta gefen hagu, in bar daka da ɗaukar ruwa, ba gishiri, ba kanwa, ba ƙwayar Gwaggo, kuma in zo kowace safiya a auna ni. Sannan ya tambayi ina ne gidanmu. Na faɗa masa. Ya dubi Gwaggo ya ce, "Goyon ciki fa?"

"Ran kasuwa uwarta za ta zo ta tahi da ita."

"Kada ta je," in ji shi.

Ga wanda bai sani ba, goyon ciki shi ne mai cikin fari ta koma gidan iyayenta ta haihu a hannun uwarta, ta yi wankan jego a can, sai ta yi arba'in ko fiye a dawo da ita da gara. Ba a tambayar ko kina so. Haƙƙin uwa ne, kuma mutuncin gida ne. Ƙauyenmu kuwa, daga inda mota ke sauke ka, tafiyar rabin yini ce a kan jaki, ga wani kwari a tsakani da in ruwa ya sauka ko raƙumi ba ya tsallake shi. Damina kuma ta riga ta faɗi.

A hanyar komawa Gwaggo ba ta yi shelar lambarta ba. Sai da muka kusa gida ta ce, ita dai ta ga abin da ta gani, amma ba za ta shiga tsakanin uwa da ɗiya ba, kada a ce ta riƙe ɗiyar mutane don ta yi mata aiki. Da maigida ya dawo cin abincin rana na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya yi ta sosa simintin wuyansa, ya ce abin da manya suka yanke shi ke nan, in yi haƙuri, Allah yana nan. Na ce masa Allah yana nan Malbaza ma. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya tashi ya koma luzin bai gama tuwon ba. Na gane in ban tsaya wa kaina ba, ba mai tsaya mini.

Ran kasuwa Inna ta zo. Uwata ƙaramar mace ce siririya, ba ta da yawan magana, in kuma ta yi ba ta maimaitawa. Ni kaɗai ce ɗiyarta mace. Tun rani take tara itacen wankana, kullum ɗauri ɗaya daga daji, har ya fi danga tsayi. Ta zo da sabuwar tabarma da zan zauna a kai a bayan kamiyo. Aka gaisa, aka sha fura, suka taɓa hirar shuka da Gwaggo. Ba ta dubi cikina ba ko sau ɗaya, haka ake yi. Bayan azahar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗaure kayanki, kada motar la'asar ta bar mu."

Akwai turmi a kife a tsakar gida. Na je na zauna a kansa, na ce, "Inna, ba ni zuwa."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Na sake faɗi.

"Mi aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba. Likita ya ce ina da tansiyo, kada in yi nisa da asibiti."

"Tansiyo," in ji Inna. Ta nuna Gwaggo da haɓa. "Ba shi ne ciwon wagga baiwar Allah ba? Ga ta nan ta fi ni ƙiba. Bara da shi ta zo har garinmu biki, ta yi rawa."

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a duk lamarin. Kowa da ya ji sunan ciwon sai ya dubi Gwaggo ya ga lafiyayya, shi ke nan an gama shari'a. Na ce, "Nawa ba irin nata ba ne! Nata na tsufa ne. Nawa na cikin nan ne. Cikin nan da kike gani, shi ya kawo shi, kuma yana iya kashe ni da abin da ke ciki."

Inna ta rufe baki da hannu. Na ambaci cikin fari da bakina, a gaban uwata, a gaban uwar mijina, da murya har maƙwabta. Ina ganin kawunan mata suna ɓullowa ta saman katanga, na ce su ma su ji, in ya so su kai kasuwa.

Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ta yi ƙarfin hali ta ce ita da idonta ta ga an dafa fitsarina ya yanke kamar madara. Da ta sani da ta yi shiru.

"An dafa mi?" in ji Inna. "Fitsarin ɗiyata aka dafa, namiji ya dafa, kina tsaye? Wanga shi ne riƙon da kuke yi mata?" Ta juyo kaina. "Ke, a bayan ɗaki na haife ki, a durƙushe, ba likita ba kwalba. Tara na haifa haka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Tashi."

"Kin haifi tara, Inna, kin binne biyar."

A duk abin da na faɗa ranar, wannan kaɗai nake nadama, kuma har in mutu ina nadamarsa. Ba laifinta ba ne, kyanda ce da zawo, na kuma sani. Zuciya ce ta ɗebe ni. Fuskarta ta canja kamar na watsa mata ruwan zafi. Amma ban tashi daga kan turmin ba. Na riƙe bakinsa da hannu biyu na ce in dai ba ɗaure ni za a yi a jefa a mota ba, ba inda za ni. Na ce gara a zage ni da raina da a yabe ni a makara.

Ta naɗe tabarmarta a hankali. A bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. In kin haihu a hannun maza, kada a aiko mini." Ta fita. Na yi kuka ranar har muryata ta dushe. Ba don ina shakkar abin da na yi ba, don dai uwata ce, kuma na san za ta shiga gari ita kaɗai kowa yana tambayarta ina ɗiyar.

Unguwa ta samu abin taunawa. Wasu suka ce zaman bariki ya lalata ni, wasu suka ce mijina nake wa kwaɗayi ba na iya barinsa. Wata ta zo har ɗaki wai duba ni, ta ce ita ma tana da tansiyo, tafarnuwa take haɗiya. Na ce mata ta je ta haɗiyi buhu guda, ni nawa daban ne. Ba ta sake zuwa ba, na kuwa huta.

Gwaggo ce ta ba ni mamaki. Ta karɓe daka da ɗebo ruwa, ita mai sha takwas. Takan raba mini miyata a ƙaramar tukunya ba gishiri ba kanwa, ta ɗanɗana ta tofar ta ce wannan ko akuya ba ta sha. Kowace safiya ta sa ni gaba zuwa gidan likita, ta tsaya a kansa yana aunawa kamar ita ce shugabarsa. Sha shida. Sha shida. Sha bakwai. Ta daina cewa nata ya fi.

Kwana na goma sha ɗaya, da hantsi, ina kishingiɗe a inuwa ina tsince wake, sai na ji kamar an soka mini muciya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Na ɗago, na ga Gwaggo ta zama biyu, bayanta kuma duhu. Na ce, "Gwaggo, kai ni." Ba ta tambayi komai ba, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Likita ya auna, bai faɗi lamba ba wannan karon. Ya yi mini allura, ya naɗe cokali da tsumma ya ba Gwaggo ya ce in na fara ta sa mini tsakanin haƙora. Sannan dattijon nan ya ruga da gudu, rigarsa na tashi, ya tare wani kamiyon siminti da ke fita daga luzin zuwa Konni. Aka ɗora ni gaba kusa da direba, kaina a cinyar Gwaggo. Na tuna warin man mota, na tuna Gwaggo tana yi wa direba ihu ya taka, tana kuma yi masa ihu ya bi a hankali. Daga nan ban san komai ba.

Da na buɗe ido, rana ce a taga, ina kan gadon ƙarfe, harshena ya cika mini baki yana zogi. Gwaggo tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, idanunta sun yi zuru-zuru. Na kai hannu cikina na ji ya sauka. Na so in tambaya, harshe ya ƙi, tsoro ma ya hana. Gwaggo ta matso da gwiwa, ta buɗe zanen ƙirjinta. Ga wata 'yar mitsitsiyar halitta naɗe cikin auduga, ja wur, tana motsa baki.

"Mace ce," in ji Gwaggo. "Ni da na ce namiji. Komai nawa ya zama ƙarya a wanga ciki."

Kwana biyu ashe na yi ban san inda nake ba. Ita ta ba ni labari: a daidai ƙofar asibitin haihuwa na Konni jijjigar ta fara, tun ba a sauke ni daga mota ba. Cokalin ya faɗi ƙarƙashin kujera. Sau huɗu na yi, ana ta allura, kafin ungozomar asibiti da likitan wurin su samu su raba ni da cikin. Ungozomar da kanta ta ce mini da an ƙara ko tafiyar awa guda, da wani labari ake yi.

Tansiyon kuwa ya fara sauka kamar yadda dattijon nan ya faɗa, kullum da ɗan ragi. Gwaggo ta ga ana auna ni ta miƙa nata hannun ita ma. Sha takwas daram. Ta ce, "To, ni nawa mai amana ne," har ungozomar ta yi dariya.

Maigida, wanda bai iya tsaya mini ba tun farko, shi ya aika ƙauyenmu da wani mai sayar da albasa, duk da an ce kada a aika. Ban san ya yi ba. Kwana na biyar, wajen azahar, ina ƙoƙarin ba jaririyar nono, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Inna ce. Taɓo har gwiwa, zanenta ya bushe da laka, leɓɓanta sun tsage. Ba ta yi mini sannu ba. Ta gaida Gwaggo, ta zauna a ƙasa nesa da gadon, tana kallon siminti.

Gwaggo ta ba ta ruwa ta tambaye ta hanya. Inna ta sha, sannan ta amsa.

"Tun shekaranjiya na fito. Kwarin ya cika, na zauna bakinsa har ya janye. Na shiga ruwa har ƙirji, jakin ya ƙi bi na, na bar shi. Na iso bakin hanya na yini, mota biyu suka wuce ba su tsaya ba." Ta ajiye kwanon. "Ni kaɗai, da ƙafafuna lafiya, ba na ɗauke da kowa. Kwana biyu."

Gwaggo ta fara ba ta labarin ƙofar asibiti, da cokalin, da sau huɗun. Inna ta ɗaga mata hannu ta tsayar da ita. Ta tashi ta zo bakin gadon, karo na farko ta dube ni ido cikin ido.

"Buɗe bakinki in gani."

Na buɗe. Harshen ya yi baƙi, ga sawun haƙorana a gefe biyu. Ta daɗe tana kallo. Na shirya, wallahi na shirya, in ta ce mini uffan game da hannun maza zan ba ta amsa ko da rabin harshe ne. Sai na ga hawaye suna zubo mata. Uwata da ta binne 'ya'ya biyar ban taɓa ganin hawayenta ba.

"Da kin bi ni," in ji ta, "da a hannuna za ki mutu. Ni zan danne ki in yi miki hayaƙi."

Na ɗago jaririyar na miƙa mata. Ta dubi hannuwanta, ta goge su a zane sau biyu, sannan ta karɓa.